Kada Ya Fi Hawaye Gishiri

Shekaranjiya ruwan farko na bana ya sauka, irin wanda ba ya jiƙa ƙasa, sai dai ya tayar da ƙamshinta ya bar mutum da gumi. Ina zaune a bakin ƙofa ina tsince shinkafa sai ga 'yata Hafsa ta dawo daga makaranta. Ko hijabi ba ta cire ba ta ce, "Mama, ki ba ni ɗanyen ƙwai biyu, kuma a sayo mini ruwan khal. Assignment aka ba mu."

Na ce, "Karatun ne yanzu har da ƙwai?"

Ta ce za a jiƙa shi ne a ruwan tsamin nan har ɓawon ya narke. Sai na ji hannuna ya tsaya cak a cikin faranti. Ba ta san cewa ta taɓa riƙe irin wannan ƙwai a tafin hannunta tana 'yar shekara huɗu ba, ni kuma ban taɓa gaya mata ba.

A lokacin muna haya a unguwar Malam Inna, gida mai ɗaki shida da rijiya ɗaya wadda ba ta kai ƙarshen bazara. Shekarun tashin hankali ne. Mu a Gombe ba a ci garinmu ba, amma an ci mana barci. Yau ka ji wani abu ya fashe a tasha, gobe a bakin kasuwa. Kafin ka isa cikin gari sai ka sauka daga keke sau uku ka ɗaga hannu sama. Mace mai dogon hijabi kuwa, tun daga nesa ake daka mata tsawa ta tsaya ta ɗage. Aka yi shela cewa duk wanda ya ga baƙuwar fuska ko abin da bai gane ba, ya kai wa Jauro, wato mai unguwarmu. Ni kuwa ko babu shela Allah ya yi ni da sa ido. Mijina, Baban Hafsa, tela ne, yakan ce da gwamnati ta san da ni da ba ta wahalar da kanta da shingaye ba.

Ana tsakiyar zafin bazara Ya Falmata ta kama ɗakin ƙarshe, na kusa da lungun da muke shanya. Doguwa ce, da zanen Barebari a kumatunta, za ta yi shekara arba'in. Da jakar buhu ɗaya ta zo da tabarma, ba miji ba ɗa. Na kai mata ruwa a matsayin maƙwabciya, amma gaskiya tambaya ce ta kai ni. Ina maigida? Allah ya yi masa rasuwa. Daga wane gari? Can ƙasarmu. Wace sana'a ake taɓawa? Babu. Amsa uku, kowace kamar an rufe ƙofa an sa sakata. Da na faɗa wa Dada Dija, tsohuwar Bafillatanar da ta fi kowa daɗewa a gidan, sai ta taɓe baki ta ce, "Wanda ba ya ba da labarinsa, labarin ne ba shi da kyau."

Bazarar ta yi tsanani. Rijiya ta koma laka, 'yan ga-ruwa suka daina shigowa unguwa saboda bincike. Da an idar da sallar asuba sai mu ɗauki jarkoki mu bi layin burtsatse a bayan makarantar firamare, wani lokaci sai hantsi ya dubi ludayi kafin layi ya zo kanmu. Ya Falmata ba ta da ƙyuya, ta kan ɗauko nata ta dawo ta ɗauko na Dada. Amma ruwan da muka sha wuya a kansa, ita sai ta tace da farin ƙyalle, ta tafasa, ta rufe. Muka riƙa yi mata dariya, gudun hijira da iyayi. Wata rana kuma na leƙa na gan ta riƙe da kwalin magani tana karanta ƙananan rubutun Turanci, leɓenta na motsi da sauri. Tana ganina ta kifa kwalin ta ce zanen jikinsa take kallo. Na ce a raina, to, ga mace marar sana'a da ke karanta abin da ni mai takardar firamare ba na iyawa, kuma tana ɓoyewa.

Azumi ya zo tare da damina a shekarar. Da safe rana ta buɗe kamar ba a taɓa ruwa ba, ƙasa na fitar da tururi, maƙogwaro ya bushe tun kafin azahar. Da la'asar hadari ya haɗu ta gabas, mu yi ta guje-gujen kwashe shanya da itace. Komai ya yi tsada saboda motocin kaya ba sa son hanya, sukari kuwa ya zama abin ɓoyo a ƙasan akwati. Mukan haɗa wakenmu mu matan gidan, a jiƙa da hantsi, a surfa, ɗaya ta kai inji, a dawo a raba ƙullu, kowa ta soya ƙosanta. Kunun tsamiya a tukunya ɗaya muke damawa. Wata rana muna wanke waken Ya Falmata ta ɗauki ƙwaya ɗaya da ta kumbura ta ce, kamar da kanta take, "Kin ga, ba shi da baki, amma ya sha ya ƙoshi." Na dube ta, ta yi sauri ta mayar da shi cikin roba.

Ina da kaji uku a lokacin. Ranar goma ga azumi ta zo ƙofata ta ce in sayar mata da ƙwai huɗu, ɗanye, kuma kada ya kasance akwai mai tsaga ko kaɗan. Na ba ta, na zauna ina jiran in ji ƙamshin suya da magariba. Ban ji ba. Kashegari ma ban ji ba, sai wani wari mai tsami da ke fitowa daga lungun shanya. Rana ta uku na kasa haƙuri, na ɗauki zanena wanda ko jiƙa shi ban yi ba na nufi lungun kamar zan shanya.

Kwalabe ne masu faɗin baki a jere a gindin bango, kowace da harafi a jikinta. A ciki ƙwan kajina ne, amma tsirara, babu ɓawo, har kana hango inuwar gwaiduwa. Ɗaya ya kumbura ya yi suntum kamar zai fashe. Ɗaya ya yamutse ya lotsa, kamar kuncin tsohuwar da ba ta da haƙori. A gefe ga zare an yanka guntu-guntu, kowane da ƙulli biyu. Ga kuma kofin gilashi da ruwa, an ɗiga shuɗin wanki a ciki yana bazuwa a hankali shi kaɗai, ba mai motsa shi. Na yi a'uziyya na fito da baya.

Washegari da hantsi na laɓe a bayan ƙofar banɗaki. Tana tsaye a lungun, ta ba bango baya, tana ɗaga kwalba tana nuni da yatsa, tana magana ƙasa-ƙasa da mutanen da babu su. Ta kan yi shiru kamar tana jiran amsa, sannan ta gyaɗa kai ta ci gaba.

Da na kai wa Dada Dija labari, sai ta dafe ƙirji. "Ƙwai da zare mai ƙulli? 'Yar nan, ai wannan ko goyo ya san mene ne. Wa take so ta ɗaure a gidan nan?"

Baban Hafsa kuwa da na faɗa masa, wani tsoron daban ya kama shi. Ya ce, "Ni ba asiri nake tsoro ba. Kwalabe, ruwa mai wari, awo, rubutu, ga ta daga inda ta fito. In wani abu ya tashi daga gidan nan, har kajinki sai an kama." Amma ya ce mu ƙara sa ido tukuna, kada mu ɗauki alhakin marainiyar Allah a watan azumi.

Da na bari a nan, da shi ke nan. Sai dai Hafsa ta maƙale wa matar. Da na juya baya sai ta sulale ɗakinta, ita kuma ta kan zuba wa yarinyar ido ta daɗe, irin kallon da uwa ba ta son a yi wa ɗanta. Ranar Alhamis na fito daga wanka na nemi Hafsa na rasa. A lungu na same ta, ta haɗa tafukanta biyu, kumburarren ƙwan nan na rawa a ciki, tana ta ƙyalƙyala dariya. Ya Falmata na tsugune a gabanta, idonta cike da ƙwalla. Na fizge 'yata har ƙwan ya kusa faɗuwa, na wanke mata hannu da sabulu sau uku ina tofa mata duk addu'ar da na sani.

Da la'asar na tare Baban Hafsa na ce ya je wurin Jauro. Ya ce, "Maman Hafsa, magana zarar bunu ce fa." Na ce in ba zai je ba ni zan yafa mayafi in je, gari ya san wane ne namiji a ɗakin nan. Ya tafi yana sunkuyar da kai. Da ya dawo ya ce Jauro ya rubuta, ya ce zai miƙa sama. Na ji sanyi a raina, har na ƙara ƙosai biyu da buɗa-baki.

Ranar Juma'a aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kwatar unguwa ta cika ta shigo tsakar gida, ta gangara cikin rijiya. Mu dai murna muka yi rijiya ta kawo ruwa, muka huta da layin burtsatse. Asabar da sassafe, bayan Baban Hafsa ya tafi shago saboda ɗinkin sallah, Hafsa ta fara amai da gudawa. Ban gama wanke zane na biyu ba muka ji ƙara daga cikin gari, wadda ta girgiza kwanon rufi. Kafin hantsi an hana fita, ba keke ba mota, waya kuma ta ƙi shiga. Asibiti ya yi mini nisa kamar Makka.

Na tuna ruwan gishiri da sukari da aka koya mana a wurin awo tun ina da cikinta, sai dai awon ya ɓace mini. Sukarin da ya rage bai fi cokali ɗaya ba. Na ce ai gishirin ne maganin, sukari don daɗin baki ne kawai, kuma ciwo mai ƙarfi sai magani mai ƙarfi. Na debo da hannu kamar zan sa a miyar gidan biki, na ƙara, na motsa a jug. Ban ɗanɗana ba. Ina azumi, kuma a ranar ina son azumina ya tafi ba ko ɗigon shakka, don addu'ata ta karɓu. Ko miya ba na ɗanɗanawa da rana, da ido nake sa gishiri, ina alfahari da hakan.

Na yi ta ɗura mata. Ta ture kofin, na matse mata hanci. Ta ce, "Mama, ruwa," na ƙara mata shi. Gudawar ta ƙaru, ta koma ruwa zalla. Kafin azahar idanunta sun faɗa, harshenta ya bushe, in na ja fatar cikinta sai ta tsaya a tattare ba ta koma ba. Tana kuka amma babu hawaye. Na dubi fuskar 'yata, kuncin nan da ya lotsa, sai yamutsattsen ƙwan nan na cikin kwalba ya faɗo mini a rai. Ban ƙara shakkar komai ba.

Na fita ba ɗankwali na dinga dukan ƙofarta da hannu biyu. "Fito, mayya! Fito ki sakar mini 'ya! Me muka yi miki?" Matan gida suka fito. Dada Dija na cewa, "Ta tsallake ta! A sa ta ta tsallake yarinyar, kurwarta ta dawo!" Ai haka ake yi wa maye a wurinmu, sai ya tsallake wanda ya kama.

Ya Falmata ta buɗe ƙofa. Ta ratsa mu ta shiga ɗakina. Ta durƙusa ta duba idon Hafsa, ta taɓa harshenta, ta ja fatar cikinta. Sai ta ga jug. Ta tsoma yatsa ta ɗora a harshe, ta juya ta tofar a bakin ƙofa.

"Wa ya haɗa wannan?"

Muryar ba irin wadda muka sani ba ce. Murya ce ta wadda ta saba a yi shiru in tana magana. Na ji bakina ya ce, "Ni ce."

"Kin ɗanɗana?"

"Ina azumi."

Ta ture jug ɗin gefe. Sannan ta ce wa wata maƙwabciya ta ɗauko mata tulun ruwanta da gwangwanin sukarin da ke ƙarƙashin tabarma. Dada Dija ta tare ƙofa ta ce ba abin da za a ba yarinyar sai an tsallake ta. Ya Falmata ta dube ta, ta tattare zanenta, ta tsallake Hafsa, ta dawo ta sake tsallakewa. Ta ce, "Hankalinki ya kwanta, Dada? To ba ni hanya." Har yau in na tuna yadda ta ɗaga ƙafar nan a gaban matan gida, kunya ke rufe ni.

Ta auna dafaffen ruwanta a babbar robar lita ɗaya. Ta ciro wani ƙaramin cokalin shayi, ta debi gishiri ta share kansa da yatsa, ta mayar da rabi, ta zuba rabin. Sukari kuwa cokali shida, kowane a share. Ta girgiza, ta ɗanɗana, ta tofar, ta miƙo mini.

"Ɗanɗana."

"Na ce miki ina azumi."

"Ni ma ina yi. Sa a harshe ki tofar, Allah ya san abin da kike nema." Da ta ga na tsaya, sai ta sa yatsa ta shafo hawayen da ke kuncina ta kai mini baki. "Lasa wannan. To, yanzu nawa. Yanzu naki."

Nata da hawayen kusan ɗaya suke. Nawa kuwa sai da harshena ya ƙanƙance, ko kanwa ba ta kai shi ba. Tun safe abin da nake matse hancin 'yata ina ɗura mata ke nan.

Ta ce, "Kada ya fi hawaye gishiri. In kin manta komai, kada ki manta wannan."

Ta ɗora Hafsa a cinyarta ta fara ba ta, cokali ɗaya, ta jira, cokali ɗaya. In ta amayar sai ta dakata kaɗan ta ci gaba. Ni kuwa na zauna a ƙasa. Can ta ce a ɗauko mata kwalaben lungu. Ba wadda ta yarda ta taɓa, sai ni na tashi na kawo su.

Ta nuna ƙwan da haɓa, hannunta bai bar cokali ba. "Kin san tantanin da ke ƙarƙashin ɓawon ƙwai? Na narkar da ɓawon ne don a gan shi. Jikinki da nawa da na yarinyar nan, duk ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, kowane da irin wannan tantanin. Ruwa yana ratsa shi, amma ba ya barin komai ya wuce yadda ya ga dama. To ruwa yana da hali ɗaya, inda gishiri ko zaƙi ya fi yawa, can yake bi. Wannan na sa shi a ruwa zalla, cikinsa ya fi waje kauri, ruwa ya shiga, ya kumbura. Wannan na sa shi a ruwa mai kauri sosai, sai na cikinsa ya fito ya bi na waje." Ta dube ni. "Kin cika hanjinta da gishiri. Ruwan jikinta ya baro ɗakunansa ya bi shi, ya fita. Ba ni na yamutsa ta ba, Maman Hafsa."

Na ce, "To sukarin fa?"

"Sukari ɗan rakiya ne. A bangon hanji akwai ƙofar da gishiri ba ya shiga sai tare da shi. In sun shiga tare, ruwa ya biyo su ciki. Shi ya sa ba a raina shi."

Dada Dija, da ba ta son a kayar da ita, ta ce, "Zaren mai ƙulli fa?"

"Ba ni da abin awo, Dada. Da shi nake auna ƙugun ƙwan, in ƙulla, gobe in ga ko ya ƙaru." Shuɗin kuma, ta ce, don a ga yadda abu yake barin inda ya cunkushe ya bazu zuwa inda babu shi, ba tare da an tura shi ba. Ta yi ɗan murmushin da bai kai ido ba ta ce, "Kamar mu da muka cika muku gari."

A nan, tana ba 'yata ruwa cokali-cokali, ta ba da labarin da na yi wata biyu ina haƙo. Malamar kimiyya ce a makarantar 'yan mata, mijinta ma malami. A garinsu malaman boko ake nema gida-gida, shi ya sa ko a nan ba ta yarda ta furta ba. Takardunta sun ƙone tare da gidan. Wata makarantar kuɗi a unguwar Federal Low-Cost ta ce tunda ba ta da takarda, ta zo ranar Litinin ta koyar da darasi ɗaya a gaban shugaban makaranta, in ta iya a ɗauke ta. Mutanen da take yi wa magana a lungu ɗalibai ne take ƙiyastawa, gwajin darasin take yi. Ta ce tana da 'ya sa'ar Hafsa. A daji ta rasu suna gudu, da irin wannan ciwon. "Na san awon," in ji ta. "Sukari ne babu, da ruwa mai kyau."

Gab da magariba Hafsa ta yi fitsari a cinyarta. Ban taɓa murna da fitsari haka ba. Da aka kira salla ta buɗe baki ta yi kuka, sai ga hawaye shar a kuncinta. Ya Falmata ta ce, "Alhamdu lillahi," ta karɓi dabino ɗaya ta buɗe baki.

Lahadi aka sassauta doka, Baban Hafsa ya dawo, muka kai ta asibiti aka ƙara mata magani. Daga can na tura shi wurin Jauro ya janye maganar. Ya dawo ya ce Jauro ya ce ta riga ta wuce hannunsa. Na tuna shuɗin nan a cikin kofi, wa zai iya tattaro shi ya mayar ɗigo ɗaya? Sau uku na je ƙofarta a ranar don in gaya mata, sau uku ina ɓigewa da godiya in dawo. Na ce wa kaina wataƙila ba za su zo ba, suna da manyan abubuwa a gabansu. Tsoro ne kawai, ba na son ta dube ni da sanin abin da na yi.

Litinin da safe ta fito cikin lafayarta ɗaya mai kyau, ta sa kwalli, ta rungumo kwali da kwalabenta a ciki. Hafsa na ɗaga mata hannu daga kan tabarma. Tana sa ƙafa a zaure motar jami'an tsaro ta tsaya. Ku duba abin da suka gani, mace daga Barno, cikin lulluɓi, da kwalin kwalabe a ƙirji. Suka yi ta ihu ta ajiye, ta ja baya, ta durƙusa. Na fito ina cewa malama ce, wallahi malama ce, ƙwai ne kawai. Wani ya ce mini, "Ba daga gidan nan rahoton ya fito ba?" Ta ji shi. Ba ta waiwayo ba.

Muka yi ta zarya ni da Baban Hafsa da Jauro, ana cewa ana bincike. Da na ga baki ba zai yi ba, na ɗauki ragowar khal ɗinta na jiƙa ƙwai biyu, na yi duk yadda ta faɗa. Rana ta huɗu na ɗauke su a kwanon sha na kai ofishin. Ni da ko aji shida da ƙyar na gama, na tsaya gaban babbansu ina bayanin tantani da ruwa mai bin gishiri. Ya latsa kumburarren da yatsa, ya yi dariya, ya kira abokan aikinsa su gani. Da yamma suka sake ta, Jauro ya sa hannu. Makarantar kuwa ta riga ta ɗauki wani, kuma da suka ji inda ta kwana huɗu, ko ƙofa ba su bari ta shiga ba.

Kwana uku kafin sallah na ga ta naɗe tabarmarta. Na je na durƙusa a bakin ƙofarta. Ita ce ta yi magana.

"Tashi, Maman Hafsa. Na sani tun ranar Alhamis. Na ga Baban Hafsa ya nufi gidan Jauro kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa. Kuma ba a shanya busasshen zane."

Na ce, "Kin sani, kuma kika zauna ranar Asabar kina ba ta ruwa? Me ya sa ba ki gudu ba?"

"In je ina? Na gaji da gudu." Ta ɗaure bakin jakarta. "A can ma maƙwabciya ce ta nuna gidanmu. Mun yi shekara tara muna aron gishiri."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta ciro ƙaramin cokalin nan ta sa mini a hannu, ta ce damina da saura. Ta sunkuya ta shafa kan Hafsa, ta ɗauki jakarta ta fita. Wasu sun ce Bauchi ta nufa, wasu sun ce Yola. Na tambayi duk Babarbariyar da na haɗu da ita a kasuwa shekara da shekaru, ban samu wanda ya san ta ba.

Yanzu muna unguwar Gabukka, a gidanmu na kanmu, da famfo a tsakar gida. Ba shinge a hanya, maganin gudawa kuwa a ƙulle yake cikin 'yar leda a kowane kemis, an riga an auna. Maƙwabtana na yanzu ban san garin kowa ba, kuma ba na tambaya.

Jiya da aka kawo khal ɗin na ba Hafsa ƙwai huɗu maimakon biyu, na ce wani yakan fashe. Na wanke mata kwalabe, na yanko zare daga keken ɗinkin babanta, na nuna mata yadda za ta zagaya ƙugun ƙwan ta ƙulla. Na ɗauko cokalin daga ƙasan akwati don ta auna gishiri. Na ce ta lura, na ruwa zalla zai kumbura, ɗayan zai yamutse, don ruwa inda gishiri ya fi yawa yake bi.

Ta saki baki tana kallona. "Kai, Mama! Wa ya koya miki wannan?"

Na buɗe baki zan faɗi sunan, sai na ji ɗanɗanon hawaye a leɓena, daidai awo, bai fi ba bai gaza ba.